Sau Ɗaya Aka Tambayi Delia

A Dunmoy ba a karɓar abu a tayin farko. Ko yunwa ta kusa kayar da kai, in aka ce ga shayi, cewa za ka yi a'a, yanzun nan ka tashi daga kan abinci. A sake yi maka tayi, ka ce don Allah kada a wahala saboda kai. Sai a na uku, mai gida ta riga ta ɗora buta a wuta, sannan ka ce to, ɗan kaɗan, tunda an matsa. Kowa a bakin tekun nan na lardin Mayo haka ya tashi ya gani, amma ban taɓa ganin wanda ya riƙe abin kamar addini irin maƙwabciyata Delia Padden ba.

Katangar duwatsu ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu, kuma ta ɗan girme ni, don haka tun ina rarrafe na san ta. Doguwa ce, busasshiya, mai manyan hannaye da ruwan gishiri ya tsattsaga. Ba ta yi aure ba. 'Yan'uwanta mata duk sun tsallaka Ingila da Amurka, ita aka bari ta yi jinyar uwarsu, ta gama ta shiga ta ubansu. Da aka binne tsohon, mutane suka ce yanzu kam Delia za ta huta, sai matar Manus, wanta, ta mutu wajen haihuwa ta bar jariri mai suna Fintan. Delia ce ta raini Fintan. Ita ta yi masa wanki, ita ta zane shi in ya yi laifi, ita ta saƙa masa duk rigar sanyin da ya sa har ya girma ya fara jin kunyarsu. In ruwan teku ya janye, za ka hange ta can cikin duwatsu a sunkuye da bokiti tana tsintar dodon-koɗi, iska na neman ɗauke ta. In kwanakin ɗumi suka zo, tana fadama tare da Manus suna yankan baƙar ƙasar da muke shanyawa mu hura wuta da ita.

Ba zan yi muku ƙarya in ce mai daɗin zama ce ba. Delia tana da baki. Takan zauna a coci ta ƙare wa mace kallo daga hula har takalmi, kafin a fito ta raɗa mata sunan da zai bi ta kabari. Ni Winnie sunana, amma Agwagwa take kirana saboda tafiyata, har 'ya'yana suka tashi suka ji. Sai dai lokacin da teku ta ci mijina, ita ce ta tsallako katanga ta zauna da ni. Ba ta ce mini ko sannu ba, amma wutata ba ta mutu ba, yarana kuma ba su kwana da yunwa ba. Ina jin haushinta, ina kuma son ta, kuma har yau haka abin yake a zuciyata.

Ranar da Fintan ya kawo yarinyar da zai aura, Lorraine, 'yar birnin Dublin, Delia ta gasa burodi mai zabibi. Ta ce, "Za ki ci burodi?"

Yarinya ba ta san dawan garin ba, ta ce, "E, na gode, dama yunwa nake ji." Ta ci, ta kuma ƙara.

Kafin Lahadi duk Dunmoy sun san ta da suna Hannu-Miƙe. A shago Delia ta ce, "Ko kajina sukan ɗan tsaya su kalli tsaba kafin su sa baki." Aka yi ta dariya, har da ni. Sunan ya bi Lorraine shekara da shekaru, har wata rana 'yarta ta dawo daga makaranta da kuka tana tambayar me ya sa ake kiran mamarta haka. Lorraine ba ta taɓa tanka wa Delia ba. Ta zauna ta koyi al'adarmu har ta fi wasunmu iyawa, amma ba ta manta ba.

Gidan da filin na Manus ne, don a nan ɗa namiji ake bar wa ƙasa. Da ciwon ajali ya kama shi, ya kira Fintan a gabana da wasu maƙwabta ya ce, "Gida naka ne. Amma ɗakin da ke kallon teku na gwaggonka ne, da kujerarta ta gefen murhu, muddin tana so." Ba a rubuta irin wannan magana a wurinmu. Wanda ya karya ta babu kotun da za ta kama shi, amma ba mai ƙara ɗaga masa yatsan gaisuwa daga kan sitiyari in an haɗu a hanya, kuma ranar da nasa ya mutu, shi zai haƙa kabari da hannunsa. Fintan ya san wannan sarai. Ya gina sabon gida can kusa da gari ya zauna da iyalinsa, ya bar Delia a tsohon.

Sai aka zo aka kakkafa shuɗɗan alluna a bakin hanya, aka ce hanyarmu ta zama ta 'yan yawon buɗe ido. Hanyar da tumaki ke kwanciya a tsakiyarta ta cika da motocin baƙi masu gado a ciki, suna tsayawa suna ɗaukar hoton ruwan sama. Duk mai tsohon gida da taga wajen teku ya shafa masa farin fenti ya zuba baƙi. Gidan su Padden ya fi kowanne kyan wuri, don in ka tsaya a ɗakin Delia ba ka ganin komai sai ruwa. Abu ɗaya ya ɓata shi: akwai tsohuwa a ciki, da kajinta da hayaƙinta, mai leƙo kai ta taga ta ce wa baƙi su sauka mata daga katanga. Fintan ba zai iya fitar da ita ba sai in ita da bakinta ta ce ba ta son ɗakin, kuma Delia ta gwammace a sare mata hannu da ta bar shi.

Uwarta 'yar lardin Donegal ce. In gari ya washe, daga ƙofar gida ana hango duwatsun can a hayin teku, kuma Delia ta haura saba'in tana hangen su ba ta taɓa taka wurin ba. Kullum akwai wanda ake jinya ko saniyar da za a tatsa. Wata Lahadi a ƙofar coci Fintan ya tare ta.

"Gwaggo, ranar Asabar zan kai ki Donegal ki ga garin Kaka."

"Donegal? Me na ajiye a can? Bar ni da kajina."

"Haba Gwaggo, ga mota a ajiye."

"Kada ka ƙona manka saboda tsohuwa."

"Na riga na ɗauki hutu a wurin aiki. In ba ki je ba kin sa ni asara."

"To," ta ce, tana gyara hula, "tunda ka nace."

Ya juyo wurina. "Ke ma ki zo, Inna Winnie, ki taya ta hira." Ni ma sai da ya cika mini tayi uku. Na ce a raina ashe yaron nan yana da sauran kirki.

Da sassafe muka kama hanya. Delia a gaba cikin kwat ɗinta na zuwa coci, rungume da dafaffen ƙwai da burodi a ƙunshe cikin tsumma, sai ka ce ba a sayar da abinci a Donegal. Ni da Lorraine muna baya. Hanyar ta bi gefen gaɓa tana lanƙwashewa, fadama baƙa a dama, teku a hagu tana dukan duwatsu har feshinta na sauka a gilashi. Fintan yana ta kauce wa tumaki masu jan fenti a gadon baya, yana ɗaga yatsa ga duk motar da ta wuce. Delia kuwa tun da muka bar iyakar ƙauyenmu ta fara rabon zagi. Mutanen wannan gari ba su iya jera katanga ba. Matan wancan ba su iya shanya ba. Shanun nan ko kyauta aka ba ta ba za ta karɓa ba.

A wani bakin rairayi ta hango samari cikin baƙaƙen kaya suna hawa igiyar ruwa a kan katako.

"Waɗancan me suke nema? Wani ne ya nitse?"

"Wasa suke yi, Gwaggo."

"Wasa. A cikin abin da ya cinye mijin Agwagwa." Ta waiwayo. "Kin ji, Agwagwa? Da naki ya tafi da katako da yanzu yana nan."

Na ce mata Allah ya shirye ta. Ta ji daɗi ƙwarai, don ba abin da take so kamar a nuna mata maganarta ta shiga.

Ban taɓa ganin ladabi irin na Lorraine a ranar ba. Za ki sha shayin filas, Gwaggo? A'a. Ɗan kaɗan mana. A'a, ku sha ku. Ai na riga na zuba. To, miƙo. Haka aka yi da bargo da za a rufa mata a ƙafa, haka aka yi da askirim a garin Sligo, haka aka yi da soyayyen kifi a garin Killybegs. Kowane abu sai an cika mata uku cif, ita kuma tana ƙi tana ƙi tana karɓa, tana jin kanta kamar sarauniya. Da muka tsaya shan mai ta ja hannuna ta raɗa mini, "Hannu-Miƙe ta fara zama mutum."

Da rana ta yi tsaka muka hau duwatsun. Iska ta kusa fizge ƙofar mota. Delia ta kama hannun Fintan suka taka a hankali har kusa da baki, inda ƙasa ta yanke, ruwa can ƙasa yana kumfa. Ta daɗe tana kallon hayin da muka fito.

"Ina namu?"

Ya nuna mata wani ɗan duhu a ƙarshen ruwa.

"Wancan? Duk abin da na yi a duniya a kan wancan ɗan abin na yi shi?"

Sai iska ta ɗauke hularta ta coci, ta juya ta a sama ta jefa teku. Na ɗauka za ta yi masifa, sai ta fashe da dariya har ta riƙe ciki, farin gashinta ya warware yana kaɗawa. Tun muna yara ban ga ta yi irin wannan dariya ba. Daga nan wani tsoho ya nuna mana kangon gidan kakanninta, babu rufi, tumaki sun yi kashi ko'ina. Ta shiga ta tsaya inda murhu yake a dā, ta kira sunayen 'yan'uwan uwarta ɗaya bayan ɗaya. Da muka koma mota ta dafa gwiwar Fintan ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan." Na ga wuyansa ya yi ja, na ɗauka kunya ce.

A hanyar dawowa aka fara yayyafi. Mun wuce Sligo kaɗan Fintan ya karya kan mota ya ce mu leƙa Nora Ginty, wata 'yar ƙauyenmu da ke gidan kula da tsofaffi tun da hankalinta ya gushe. Ba a wuce mara lafiya na gida ba a leƙa ba, don haka ba wanda ya yi musu. Nora ba ta gane kowa ba. Da muka fito daga wurinta, shugabar gidan ta tarbe mu ta ce, "Sannu da zuwa, Malama Padden." Babu wanda ya gaya mata sunan a gabana. Ta kai mu wani ɗan falo mai ɗumi, aka kawo shayi.

Fintan ya jawo kujera kusa da gwaggonsa ya riƙe hannunta.

"Gwaggo, Baba ya ce ɗakinki naki ne muddin kina so. Gidan ya tsufa, ga sanyi na tafe, ga ciwon ƙafarki. A nan akwai ɗaki a shirye. Amma ba zan yi miki dole ba, ga Inna Winnie nan tana ji. Mu koma da ke gida? Ni da Lorraine za mu riƙa zuwa kullum muna yi miki itace da cefane da wanki, duk wahalar ba komai ba ce. Kina so?"

Delia ta gaji, cikinta ya cika, zuciyarta ta yi sanyi da yaron da ta raina. Ta ba shi amsar da ta saba ba kowa tun da ta iya magana.

"Haba ɗan nan, kada ku wahala saboda ni. Ni ko'ina aka ajiye ni ya ishe ni."

Ta ɗauki kofinta, ta ɗan ɗaga haɓa. Na san wannan fuska. Jiran tayi na biyu take yi.

Fintan ya saki hannunta. "To, Gwaggo. Yadda kika ce."

Lorraine ta miƙe ta ce bari ta ɗauko akwatin a bayan mota. Ashe tun safe akwatin kayan Delia yana tare da mu, ya je Donegal ya dawo.

Jini ya hau mini kai. Na ce, "Fintan Padden, sake tambayarta."

"Ta ba da amsa, Inna Winnie. Kin ji da kunnenki."

"Sau ɗaya ka tambaya, ɗan banza mara mutunci. Askirim ma sau uku kuka yi mata tayi. Delia, buɗe baki ki ce kina son ɗakinki. Faɗi kawai mu tafi."

Shugabar gidan ba 'yar yankinmu ba ce, ba ta gane kan rigimar ba. Ta ce cikin taushi, "Malama Padden, babu mai tsare ki a nan. In gida kike so, ki nema a mayar da ke."

Ki nema. Delia ta kalli Fintan, shi kuma yana kallon ruwan da ke gangara a taga. Lorraine ta shigo ta ajiye akwatin a bakin ƙofa, ta gyara gashinta da ya jiƙe.

"Ku bar matsa mata," ta ce a hankali. "Kowa ya san Gwaggo ba mai miƙa hannu ba ce."

Delia ta dubi kofin da ke hannunta. Ta ajiye shi. Ta juyo ta dube ni da idon nan nata na coci.

"Zauna, Agwagwa. Roƙo kike yi mini, a gaban baƙi? Wa ya aike ki?"

Na zage su daga Sligo har Dunmoy. Na zagi Fintan, na zagi Lorraine, na haɗa da Manus da ke kabari saboda bai iya barin wasiyya ba. Fintan ya ci gaba da tuƙinsa. Lorraine ta ƙara ƙarar rediyo.

Washegari a ƙofar coci aka kewaye ni. "Winnie, kina wurin. Da bakinta ta ce?"

"Da bakinta. Amma sau ɗaya aka tambaye ta."

Suka girgiza kai, suka ce kai, abin bai yi daɗi ba, amma tunda ta faɗa ai ta faɗa. Rabinsu suna da baƙi a tsofaffin gidajen iyayensu, ba su son a tona zancen ɗakuna. Dalilin ɗaukata a motar ke nan: duk wanda ya tambaya, ni maƙwabciyarta dole in ce e, ta faɗa. Ba wanda ya daina ɗaga wa Fintan yatsa a hanya. Kafin wata ya ƙare an raba kajin, an toshe murhun, gidan ya sha farin fenti.

Nakan hau bas in je wurinta. Duk zuwan da na yi sai in tarar ta ƙara ramewa. 'Yan matan da ke aiki a gidan suna da kirki, yawancinsu daga ƙasashe masu nisa suka zo, kuma an koya musu cewa in tsoho ya ce a'a a girmama maganarsa. Za ki ci abinci, Malama Padden? A'a, na ƙoshi. Sai su ɗauke faranti da murmushi. Na tare su na ce don girman Allah su riƙa tambayarta sau uku. Wadda ta ji takan yi, amma suna yawan sauyawa, sabuwa ta zo ba ta sani ba. Delia kuma ko za ta mutu ba za ta kira a dawo mata da faranti ba.

Fintan yakan je jefi-jefi da alewa a leda. Ranar da ta san zai zo, tun safe take sa kwat ɗinta ta zauna a bakin gado, akwatin yana ƙarƙashi ba ta taɓa kwance shi gaba ɗaya ba. Ya tambayi ƙafarta, ya ba ta labarin yanayi da wanda ya mutu, ya sumbaci goshinta ya tafi. Sai ta cire kwat ɗin ta rataye.

Wata rana na kasa jurewa. Na ce, "Delia, ɗakin ɗana yana nan ba kowa. Zo mu zauna tare."

"A'a, ki ji da kanki."

"Da gaske nake. Gobe sai in samo mota."

"Kada ki wahala."

"Delia, zo gidana. Na ukun ke nan."

"Na iya ƙirga, Agwagwa." Ta juya fuska wajen bango. "Daga tagarki ai gidanmu ake gani. So kike in zauna ina kallon baƙi suna shanya tawul a katangar ubana? Ba ke ya kamata ki tambaya ba."

Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ya ce miki wani abu?"

"Bai ce ba."

"Zai ce. Ni na raine shi."

Ta rasu a farkon hunturu, lokacin da baƙi suka yi ƙaranci. Gidan ba kowa a makon, don haka Fintan ya ce a kawo ta gida a yi zaman makoki yadda aka saba. Aka shimfiɗe ta a ɗakinta, kan sabon gado mai fararen zannuwa, ba ta fi yarinya nauyi ba. Duk Dunmoy suka zo, suka sha shayi, suka riƙe hannun Fintan suna cewa ya kyauta, ba kowane ɗan zamani zai dawo da gwaggonsa gida ba.

A al'adarmu kwana biyu gawa ke yi a gida kafin a kai ta coci. Delia ɗaya ta samu. Wasu Jamusawa sun kama gidan daga ranar Juma'a, kuma Lorraine tana bukatar yini guda ta wanke zannuwa ta buɗe tagogi.